'Yar Italiya Mai Baki Biyu

Marken Liman,
12 ga Satumba.

Zuwa ga ɗan kawuna Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Haifa da yara. Inna tana gaishe ka. Idonta na hagu ya ƙarasa rufewa, amma bakin yana nan daram. Jiya ma sai da ta sake ba mu labarin yadda yayanta, mahaifinka, ya bar garin nan da buta da sanda ya ce Makka za shi a ƙasa, mutane suna yi masa dariya.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon muryata. An rufe layukan waya a duk yankinmu saboda mutanen daji. Zali direba ne yake zuwa Zariya duk Litinin, shi zai ɗauki hoton wannan ya tura maka daga can. In ka ba da amsa, zai sa a buga mini ita a takarda ya kawo.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Taubashinka Nuru ya haukace a kan bindiga, kuma kai ne sila. Bidiyoyin nan da kake sakawa a intanet, kana tsaye da riga mai aljihuna da abin toshe kunne, kana juya bindigogi kana zuba Larabci, duk ya kwashe su a wayarsa tun kafin a rufe layi. Ba ya jin komai a ciki sai "Italiya" da "mumtaz", amma ya haddace su tsaf. Yanzu ya ji labarin wani mutum a Zariya, ɗan wani tsohon ma'aikacin gandun daji, da ya gāji bindigar mahaifinsa. 'Yar Italiya ce, baki biyu ɗaya a kan ɗaya, da zanen tsuntsaye a jikin ƙarfen, sak irin wadda ka fi yabo. Mutumin ya ce zai karɓi shanun huɗar Nuru guda biyu ya ba shi ita da harsashin da ya rage. Shanun nan su ne hannun Nuru, su ne ƙafarsa.

Kai ba ka taɓa zuwa ba, bari in gaya maka yadda muke. Akwai dutse a gabas da gari, kullum akwai mai zama a kansa da guntun ƙarfen mota. In ya hango babura sai ya buga, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya nufi rafi. Ba abin alfahari ba ne, amma da shi muke raye. Nuru kuwa duk garin nan babu mai gudunsa, Barewa ake ce masa tun yana yaro. Sau uku suna rutsa shi a gona, sau uku yana tsira, na ukun ma da ƙaramar 'yarsa a kafaɗa. Yanzu wai ya gaji da nuna wa 'ya'yansa ƙeya.

Na yi magana har na gaji, ya ce ni malamar firamare ce, alli na sani. Kai kaɗai yake ji. Don Allah, tunda aikinka ne, ka gaya mana gaskiya. Wannan bindiga za ta tsare mutum daga masu zuwa a kan babura talatin? In ba za ta yi ba, ka faɗa masa da bakinka.

Taka,
Sakinatu.

*

Ka'akiyya, Makka,
9 ga Safar.

Zuwa ga Yaya Sakinatu, da bawana Nuru in ya iya karatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wallahi na ji daɗin ganin rubutunki. Ki yi haƙuri da nawa, bokon a wurin ɗaliban Najeriya na koye shi lokacin muna Jarwal, kafin otal-otal su cinye gidanmu su koro mu nan bayan gari. Muna lafiya alhamdu lillah. Haifa tana fama da sukari amma da sauƙi. Luƙman ya shiga sakandare, Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "ƙaro shinkafa" ba. Ki sumbaci kan Gwaggo a madadina, na yi mata addu'a a Harami ranar Juma'a.

To, Barewa, matso kusa ka ji karatu daga ubangidanka.

A nadi, wato kulob ɗin wasan harbi da nake aiki, na riƙe ta Amurka, na riƙe ta Turkiyya, na riƙe ta Rasha mai nauyin turmi. Italiya daban ce. Wani kwari ne a arewacin ƙasarsu, kaka da kakanni ba su da sana'a sai ƙera bindiga, kuma hannunka zai gaya maka haka tun kafin ka harba. Ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya daidai wurin da take karyewa, za ta zauna, ba ta rinjaya gaba ba ta rinjaya baya. In ka rufe ta za ka ji ƙyas, sau ɗaya, babu karkaɗa. Kunamar taushi gare ta, ba sai ka yi kokawa da ita ba. Ba ta dukan kafaɗa irin na mugunta. In ka buɗe ta bayan harbi, da kanta take tofar da kwanson harsashi ta bayanka. Ƙura ba ta sa ta cije, mu nan ai cikin rairayi muke. Ranar Alhamis da ta wuce, cikin faranti ashirin da biyar, ashirin da huɗu ta fasa, a kan idon jama'a.

Aibinta biyu, don kada ka ce ɗan talla ne ni. Ba ta son gumi, in ka taɓa ƙarfen ba ka goge ba, gobe za ka ga tsatsa. Kuma katakon gindinta ba ya son a bar shi a rana. Ka nemi man gogewa da sandar share baki, in babu, man keken ɗinki ma yana yi. Rigar harsashi ta Italiya kuwa kada ka wahalar da kanka, kyau ne kawai, zif ɗinta banza ne, tela zai ɗinka maka wadda ta fi ta. Abin kunne yana da amfani, sai dai kai da ba ka jin magana ban ga abin da za ka kare ba.

Maganar shanu, Yaya, ni ban san shanu ba sai a tukunya. Tsaro kuwa na Allah ne, mu namu sababi.

Amma kai Nuru, kunya ta ishe ni. Ni ina nan larabawa suna ce mini ustaz, ɗan gwaggona yana can ana kiransa da sunan naman daji saboda gudu! In ka zo Umra ba zan nuna ka ga kowa ba, kada ka ji ƙarar tayar mota ka tsallake Arfa a guje. Akwai maganar da nake rufe kowane bidiyo da ita, yau ga ta da Hausa dominka: wanda ya riƙe wannan ba ya gudu.

Na yi maka bidiyo na musamman da harshenmu, yadda ake kwance ta, a share, a shafa mai, a mayar. Zali ya zuba maka a waya. Shi ne na farko da na taɓa yi da Hausa, ka riƙe shi da kyau.

Naku,
Dawuda, ubangidan Nuru har abada.

*

Marken Liman,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga bawana na Makka,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida uwargida, Allah ya ba ta lafiya. Ka ce wa Luƙman akwai 'ya'ya mata uku a gidana, ya zo ya zaɓa, za su koya masa Hausa da muciya.

Wa ya gaya maka kai ne ubangida? Ubanka ya gudu ya bar gona, uwata ta tsaya. Amma yau na yafe maka, don ka yi mini abin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta iso, Dawuda. Tana nan jingine a bayan ƙofa, na lulluɓe ta da zanen Inna saboda gumi da rana, kamar yadda ka ce. Na ɗora ta a yatsa ta zauna. Na rufe ta ta ce ƙyas. Duk abin da ka faɗa haka yake, ko ɗaya ba ka ƙara gishiri ba.

Ranar da aka zo tafiya da shanun ban fito ba, ba zan ɓoye maka ba. Jan daga cikinsu ya yi ta waiwaye, in ji yara. Amma me shanu za su yi mini in an kashe ni a kan kunya, ko an kore su daji ina kallo?

Harsashi goma sha ɗaya ya ba ni. Na gwada ɗaya a kan tsohon kwano a bayan gari, kwanon ya zama rariya. Duk garin aka fito kallo. Masu harba-ruga sai shafa ta suke yi suna sauke numfashi. Liman da kansa ya karanta rubutun da ke jikinta, bai gane ba, ya ce dai Allah ya sa albarka. Bidiyonka kuwa na kalle shi ya fi sau hamsin, yanzu ido rufe nake kwance ta. Ƙaramar 'yata har ta iya kwaikwayon muryarka, tana riƙe da tsintsiya tana cewa wanda ya riƙe wannan ba ya gudu.

Dawa ta nuna, nan da mako biyu ko uku za mu fara yanka. An ce ni zan tsaya a bakin gona ta wajen daji, sauran su yi aiki. Karon farko ke nan da aka ba ni wani aiki a garin nan da ba na ƙafa ba.

Abu ɗaya ban gane ba. Wane ne faranti da kuka fasa ashirin da huɗu? Ko sunan da kuke kiran ɓarayinku ke nan? In haka ne, wallahi larabawa sun fi mu iya zagi.

Ubangidanka,
Nuru, wanda a da ake ce wa Barewa.

*

3 ga Oktoba.

Dawuda,

Ina gaisuwa. Wannan a ɓoye na ba Zali, Nuru bai sani ba.

Na karanta takardarka sau huɗu ina neman amsata ban same ta ba. Ka gaya mini ba ta son gumi, ka gaya mini zif ɗin riga banza ne. Ni ba wannan na tambaye ka ba. Na san wasa ne tsakaninku, jininku ne, haka Inna take yi da 'ya'yan kawunta har suka mutu. Amma taubasan da suke gari ɗaya suna ganin fuskar juna, sun san inda wasa ya tsaya. Shi bai taɓa ganinka ba sai a waya, cikin tabarau, larabawa a bayanka. Abin da ka rubuta kana dariya, shi a tsaye ya karanta shi, kamar an ba shi umarni.

Shanu sun tafi, ba su nake yi wa kuka ba. Ƙanena nake ji wa tsoro. Mutumin da yake jin ƙarfen dutse kafin kowa, yanzu in an buga sai ya tsaya yana gyara hula.

Ina sake tambayarka, kuma don girman ɗakin da kake sallah a gabansa ka ba ni amsa ɗaya. Ka taɓa harbin abin da yake iya rama harbi? In e ne, zan yi shiru. In a'a ne, ka rubuta masa haka da hannunka. Zali zai koma Zariya Litinin mai zuwa, ka sa amsar ta jira shi.

Sakinatu.

*

Ka'akiyya, Makka,
10 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya Sakinatu, da ɗan'uwana Nuru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya, da Gwaggo da yara. Yau kwana goma sha biyu da samun takardunku. Na san Litinin ɗin da kika ce ta wuce. Na rubuta sau uku ina yagawa, don duk wadda na rubuta sai in ga na bar wa kaina ƙofar fita. Wannan ba zan yaga ba.

Amsar ita ce a'a. Ban taɓa harbin mutum ba, ban taɓa harbin dabba ba, ko kaza Haifa ce take kaiwa a yanka. Nuru, faranti faranti ne. Ɗan ƙaramin abu ne na yumɓu, kamar murfin kwano, na'ura take cilla shi sama a harbe shi don nishaɗi. Ba ya juyowa, ba ya da 'yan'uwa a bayansa. Ashirin da huɗun nan ma ba ni na fasa ba, Duktur Nawaf ne, mai bindigar. Ni ranar da na fi sa'a tara na samu.

Ba ustaz ba ne ni. Ni ne mai loda faranti a na'ura, mai share kwanson harsashi, mai goge bindigogin mutane in sun gama sun tafi shan shayi. Mudir, shugaban wurin, ya bar ni ina yin bidiyo da su don yana jawo masa jama'a. Rigar da tabarau na nadi ne. Lokacin Hajji in an rufe, ruwa da ƙanƙara nake rabawa a tantunan Arfa. Na ji daɗi da ya zama akwai wani gari a duniya da ake ganina babba, shi ya sa ban gyara muku ba. Wannan kunyar tawa ce.

Ku ma ba ku san inda nake zaune ba. A cikin iyakar Harami ba a farauta, ba a firgita tsuntsu, ba a yawo da makami. Tattabara takan sauka a kan tabarmata ina cin abinci, sai dai in matsa mata. Nadin yana can waje, bayan an wuce alamar iyaka a hanyar Jidda, bindigogin can suke kwana a kulle. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa jin harbin da ba na wasa ba. Mutumin da ya taso a irin wannan wuri shi ne ya buɗe baki ya ce maka kada ka gudu.

Shekaranjiya na nuna wa Turki takardarku. Shi ne mai koyar da harbi a wurinmu, tsohon soja ne. Na fassara masa. Ya tambaye ni me mutanen suke riƙewa, na ce AK. Sai ya miƙo mini 'yar Italiya ya ce, "Yalla, harba biyu, ka sake lodawa." Na harba. Ina karya ta sai ya fara tafa hannu da sauri, taf taf taf, a daidai kunnena. Harsashi ɗaya ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Kafin in rufe ta ya tsaya ya ce, "Talatin. Kowane tafi harsashi ne, kuma na mutum ɗaya kawai na yi maka." Sannan ya ce harsashin da ya mayar da kwano rariya na tsuntsu ne, in mutum ya ɗan yi nisa sai dai ya fusata shi. Ya ce, "Ka ce wa ɗan'uwanka ƙafarsa ta fi wannan, wallahil azim." Na shiga banɗaki na yi kuka.

Nuru, ka saurare ni, babu wasa a nan, babu bawa babu ubangida. Bindigar tana da kyau, duk abin da na faɗa a kanta gaskiya ne, amma don faranti da agwagwar ruwa aka ƙera ta. Maganar nan ta ƙarshen bidiyo ni na ƙirƙire ta don samari su danna su kalla. Ba ta da ma'ana. In an buga ƙarfe ka yar da ita ka gudu. Ka gudu kamar yadda ka saba, ka ɗauki 'yarka a kafaɗa. Mutumin da ya tsira sau uku ya fi ni sanin wannan aiki nesa ba kusa ba. Ina roƙonka don Allah, don Gwaggo.

Shanu kuma a wuyana suke, za mu yi maganarsu daga baya. Ku yafe mini.

Dawuda.

*

Ka'akiyya,
25 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya,

Salam. Ina fatan lafiya. Kwana goma sha biyar ke nan, takardar da na tura wa Zali har yanzu alamar tafiya ɗaya ce a kanta, ba ta ko shiga wayarsa ba. Na kira lambarsa har na daina ƙirgawa. Na je Jarwal wurin ɗalibai, na samu wani ɗan wajenku, ya ce ya ji an hana cin kasuwanni kuma hanya ta lalace, amma bai san garinku ba.

Na sauke duk bidiyoyin daga intanet. Mudir ya yi faɗa, na ce ya yi haƙuri. Ina zuwa aiki, amma duk lokacin da na'ura ta cilla faranti aka harba biyu, sai in tsaya ina jiran tafin Turki. Haifa ta ce na daina cin abinci, gaskiyarta.

In fushi kuke yi, ku yi, na cancanta. Ku dai aiko da kalma ɗaya. Nuru ya zage ni ma ya isa.

Dawuda.

*

Marken Liman,
21 ga Nuwamba.

Dawuda,

Wa alaikas salam. Takardunka biyu sun iso tare ranar Litinin da ta wuce. Muna nan. Inna tana nan, yara suna nan. Ina fatan jikin Haifa da sauƙi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nuru ya rasu ranar Alhamis, 21 ga Oktoba, da hantsi, a bakin gonarmu. Yau wata guda.

Zali ya je Zariya Litinin ɗin da na ce maka. Ya ce ya zauna a tasha har la'asar yana duba waya saboda ni, babu komai. Daga wannan tafiyar ba a sake bin hanyar ba sai makon jiya. Ba na faɗa maka wannan don in soka maka wuƙa ba. Ka ce ba za ka sake barin ƙofar fita ba, ni ma ba zan bar maka ba.

Kwana na biyu ke nan da fara yankan dawa. Aka buga ƙarfe a kan dutse, kowa ya yar da lauje. Ina cikin mata, muna ɗaure dami. Na wuce shi a guje, yana durƙushe a bayan suri, na ja rigarsa na ce taho. Ya fizge, ya ce in tafi da yara. Fuskarsa babu tsoro ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Muna gangara rafi muka ji nasa, biyu, ɗaya na bin ɗaya, da wata irin ƙara mai tsabta da ba mu saba ji ba. Sai na mutanen dajin ya biyo baya. Ban ƙirga ba.

Da azahar maza suka koma suka ɗauko shi. Kwanso biyu suna bayansa, inda ta tofar da su da kanta, kamar yadda ka ce. Akwai sabon harsashi ɗaya a hannunsa, ɗaya a ƙasa. Tun daga surin har rafi babu nisan da ya kai rabin wanda ya taɓa yi da yarinya a kafaɗa.

Kai mai ba da shaida ne a kan bindigogi, to ga tawa shaidar, ka ƙara a kan naka. Ba ta cije ba. Ba ta yi tsatsa ba, don kullum sai ya shafa mata man kekena. Ba ta yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba. Aibinta ɗaya da ba ka lissafa ba, ta hana shi gudu.

Wasu suna cewa harbinsa ne ya sa suka dakata har mata suka tsallake ruwa. Wasu suna cewa da ma za mu tsallake, kamar kullum. Ni ban sani ba. Na gaya wa 'ya'yansa na farkon, don su samu abin riƙewa. Kai ban ba ka shi ba. Kuma ban sani ba ko da takardarka ta zo a kan lokaci zai ji. Na dai san tawa maganar bai ji ba, taka yake ji.

Na karanta takardarka a bakin kabarinsa, a bayyane, tun daga sama har ƙasa. Ya tambaye ka mene ne faranti, bai kamata ya tafi babu amsa ba.

Saura abu biyu. A ranar mutanen dajin sun tafi da mutum huɗu, har da maƙwabcinmu Abdulbaƙi. Makon jiya ya dawo, ƙafafu a kumbure. Ya ce bindigar tana hannun babbansu, ba ya fita da ita aiki, ado yake yi da ita, yana harbin zabbin daji. Wayar Nuru ma tana wurinsu. Ka ce ka sauke bidiyoyinka, to akwai ɗaya da hannunka ba zai kai ba, na Hausar nan da ka yi masa shi kaɗai. Abdulbaƙi ya ce duk safiya sai babban ya sa an kunna, ya shimfiɗa buhu, yana bin maganarka yana kwance ta yana shafa mai. In an zo ƙarshe sai yaransa su haɗa baki da kai su faɗi maganar, su fashe da dariya. Ya ce har tambayarsa suka yi ko ya san malamin, wai ya iya bayani.

Na biyun saƙon Inna ne. Ba ta san abin da ke cikin takardun nan ba, kuma ba za ta sani ba daga bakina. Abin da ta sani shi ne Nuru ya yi watansa na ƙarshe yana farin ciki, yana ambaton sunanka safe da yamma. Ta ce a gaya wa ɗan yayanta, tunda duk duniya babu wanda Nuru ya yarda da shi kamarsa, shi take so ya yi masa Umra.

Ka yi masa. Tsakanin Safa da Marwa, na ji an ce akwai wurin da maza suke sassarfa. In ka iso nan, Dawuda, ka yi gudun da kyau.

Sakinatu.